Ruwa a Kan Jariri Tun Yana Ciki: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Wajen Awo

Duk wadda ta taɓa zaman layin awo a Kaduna ta san yadda ake fitowa daga ɗakin sikanin. Wata ta fito da fara'a tana nuna wa ta kusa da ita hoton, wata kuma ta fito da takarda a dunƙule a hannu, ta nemi ƙarshen benci ta zauna ba ta ce wa kowa uffan ba. A cikin masu zaman shirun nan akwai waɗanda aka ce wa, "Akwai ruwa a kan yaron," aka miƙa musu takarda, aka kira ta gaba.

Ni ungozomar asibiti ce, na kwashe shekaru tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa a garin nan. Tambayoyin da ke ƙasa duk an yi mini su, wasu a ofis, wasu a gidan suna, wasu ta waya da tsakar dare. Abin da ya sa na zauna na rubuta su shi ne, yawancin yaran da na ga sun tagayyara da wannan lalura, watannin da aka ɓata ana jira, ana ɓoyewa, ana zagaye sun yi musu ɓarnar da ta kai ta ruwan kansa. Rubutun nan ba zai tsaya a madadin likitan da ya ga hotonki ba, amma zai sa ki shiga wurinsa kin san abin da za ki tambaya.

Sista, wane irin ruwa ne wannan? Ta ina ya shiga kan yaro?

Ba daga waje ya shiga ba. Ni da ke da kowa muna da shi. Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa ɗakuna huɗu a cikinta: biyu manya a dama da hagu, na uku a tsakiya, na huɗu can ƙasa wajen ƙeya. A cikinsu ake samar da wani ruwa garai-garai, ya bi daga ɗaki zuwa ɗaki, ya fita ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sannan jini ya shanye shi. Shi ne matashin da ke hana ƙwaƙwalwa gogar ƙashi, shi ne kuma mai kwashe mata datti. Babban mutum yana samar da kusan rabin lita a kowace rana, amma abin da ke zaune a jikinsa a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, domin yadda ake yin sa haka yake wucewa.

Matsala tana farawa idan hanya ta toshe, ko jini ya kasa shanye shi yadda ya kamata. Wanda ya ga yadda kwata ɗaya da leda ta cushe take mayar da layi guda tafki a watan Agusta ya gane abin: sama ba ta daina zubarwa ba, ƙasa kuma ba ta wucewa. Wurin da ya fi toshewa wata 'yar siririyar hanya ce tsakanin ɗaki na uku da na huɗu. Sai ɗakunan su kumbura, su matse ƙwaƙwalwa a jikin ƙoƙon kai. Da yake ƙasusuwan kan jariri ba su riga sun haɗe ba, sai su buɗe, kan ya yi ta girma. Likitoci suna ce masa haidirosefalus, kalmar Girkanci da ta haɗa "ruwa" da "kai", kamar dai yadda mu ma muke faɗa.

Yawan ruwan da nake sha ne ya jawo? Ni dama tun da na sami cikin nan ruwan sanyi nake ta ɗirka.

A'a. Ki ci gaba da shan ruwanki, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kuma kada ki haɗa shi da ruwan mahaifa, wanda jariri ke kwance a ciki, wanda ke fashewa lokacin naƙuda. Idan an ce "ruwa ya yi yawa a cikinki", wannan magana ce daban da "ruwa a kan yaro", kodayake wani lokaci sukan zo tare.

An rubuta wasu lambobi da "mm" a takardata. Me suke nufi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin amsarta ta sha share wa mata hawaye. Mai sikanin yana auna faɗin manyan ɗakunan nan biyu ne da milimita. Ƙasa da 10 lafiya lau. Daga 10 zuwa 12 ana ce masa ɗan faɗi kaɗan. Daga 13 zuwa 15 matsakaici. Abin da ya haura 15 shi ne mai tsanani, kuma galibi shi ne ainihin ruwan kan da ke buƙatar aiki bayan haihuwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne duk waɗannan matakai da kalma ɗaya ake faɗa wa mace su. Wadda ɗanta ke da milimita 11 da wadda ɗanta ke da 28 duk "ruwa a kai" suka ji, duk suka koma gida da kuka iri ɗaya, alhali nisan da ke tsakaninsu ya kai na sama da ƙasa. Idan faɗin bai wuce 12 ba, kuma an bincika ba a ga wata matsala a wani sashe na jikin jaririn ba, fiye da 90 cikin 100 na irin waɗannan yara suna tasowa lafiya kamar kowa. A wasu ma faɗin yana komawa daidai tun kafin a haihu. Na matsakaici, yawancinsu su ma suna yin kyau, sai dai a fi sa musu ido. Na mai tsanani kuwa ba zan rufe ki ba, akwai haɗarin rasa jaririn, akwai kuma haɗarin naƙasa a cikin waɗanda suka rayu.

Saboda haka kafin ki tashi daga gaban likita, ki sami amsar abu uku: milimita nawa ne, an ga wani abu daban a baya ko zuciya ko ƙoda ko fuskar jaririn, kuma yaushe za ki dawo a sake aunawa a ga ko yana ƙaruwa. Idan ba ki iya karanta takardar ba, ki ce a faɗa miki da Hausa. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

A wane wata ake iya ganin sa?

Lokacin da ya fi dacewa a duba halittar jariri daga kai zuwa ƙafa shi ne tsakanin mako na 18 da na 22, wato wajen wata na biyar. Mu kuwa mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya shiga wata bakwai, wasu kuma sikanin ɗin da suke yi na "mace ce ko namiji" ne, minti biyu an gama. Wannan ba shi ne binciken da nake nufi ba. Akwai kuma ruwan da ba ya bayyana sai can ƙarshen ciki, don haka sikanin mai kyau a wata biyar ba ya hana a sake dubawa idan likita ya ga dalili.

Idan an faɗa miki a ƙaramin wurin sikanin na unguwa, ki je babban asibiti a sake. Kwanciyar jariri da kusurwar da aka ɗora na'ura suna iya ƙara milimita ɗaya ko biyu.

Me ke kawo shi?

Sababi ba ɗaya ba ne, kuma sanin sababin ya fi girman kan muhimmanci wajen hasashen yadda yaro zai kasance.

Wani tun wajen halitta siririyar hanyar nan take zuwa a tsuke. Wani kuma tare yake zuwa da buɗewar ƙashin baya, wato yaron da ake haifa da ƙullutu ko rauni a gadon baya, abin da likitoci ke kira sifaina bifida. Yawancin masu buɗaɗɗen baya suna samun ruwan kai. Akwai wanda ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ce ba ta ginu daidai ba. Akwai zubar jini a cikin ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Akwai matsalar ƙwayoyin halitta, irin wadda ke kawo lalurar Down, da wani nau'i na gado da ke bi ta wajen uwa ya kama 'ya'ya maza kaɗai.

Sai cututtukan da uwa ke ɗauka ba ta ma sani ba. Ƙwayar CMV tana yaɗuwa ta yawu da fitsarin ƙananan yara, shi ya sa muke cewa mai ciki ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki ko ta share masa majina. Toksofilasma kuma tana zuwa ta kashin kyanwa, da naman da bai gasu ya kai ciki ba, da ganyen da ba a wanke sosai ba. Tsire da balangu ba haram ba ne ga mai ciki, amma wanda tsakiyarsa ke da ja a mayar da shi wuta. Tunjere ma yana cikin abin da ake gwadawa.

Da yawa kuma, bayan duk bincike, ba a gano komai.

Bari in ɗan kauce daga maganar ciki, domin akwai abin da bai kamata in wuce shi ba. A Afirka, yara masu yawa lafiya ƙalau ake haifar su, ruwan ya zo daga baya saboda cutar da ta shiga jini ko sanƙarau a makonnin farko. A wani asibitin yara da ke Mbale a Yuganda, an gano kusan 60 cikin 100 na yaran da aka kawo da ruwan kai ta wannan hanya suka same shi. Wannan kam muna da hannu a kare shi: haihuwa a wuri mai tsabta, shafa wa cibiya man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti maimakon man goge baki ko toka ko gashi da tsumma, da garzayawa asibiti ranar da jariri ya yi zazzaɓi ko ya ƙi kama nono. Bakwaini ma yana cikin haɗari, saboda jijiyoyin kansa ba su yi ƙwari ba.

Uwar mijina ta ce ɗan ruwa ne, wai na fita da almuru ko na yi wanka a waje. Wasu kuma sun ce hannun kishiya ne.

Na san nauyin wannan magana a kan mace mai ciki. Na ga wadda ta daina zuwa awo saboda ita, na ga wadda aka mayar gidansu da tsohon ciki. Ki sani ba ki yi laifin komai ba. Wani nazari da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa yara kusan 400,000 ne ke samun wannan lalura a duniya kowace shekara, har da ƙasashen da ba a san almuru ko kishiya ba. Abu ne da ake gani da ido a hoto, a auna shi da milimita, a buɗe masa hanya ya wuce.

Ga shawarata ga maigida: ranar komawa asibiti ka ɗauki Hajiya ku tafi tare. Na sha ganin tsohuwar da ta shigo da faɗa, likita ya juyo mata da allon na'ura ya nuna mata ɗakunan ruwan, ta yi shiru, ta ce, "Ikon Allah. To yanzu ya za a yi, ɗan nan?" Daga ranar ta zama ita ce mai tuna wa kowa ranar asibiti. Addu'a da tofi kuwa babu mai hana ku, mu ma muna yi. Abin da nake roƙo shi ne kada su zama dalilin ɗage ranar ganin likita.

Bayan sikanin, wane bincike ya rage?

Sikanin na ƙwararre wanda zai bi jariri gaɓa-gaɓa, gwajin jininki don cututtukan da na ambata, da sake awon faɗin bayan 'yan makonni. Idan da hali ana yin hoton MRI, wanda ba ya amfani da hasken da ke cutar da ɗan tayi, kuma yakan nuna abin da sikanin ya kasa gani. Akwai kuma ɗibar ruwan mahaifa da siririyar allura don duba ƙwayoyin halitta, ana yin sa daga mako na 15 zuwa sama. Ba kowa ke buƙatarsa ba, ba kuma ko'ina ake yin sa ba. Wadda ba ta da kuɗin waɗannan biyun kada ta karaya. Maimaita sikanin mai kyau kaɗai yana ba da haske mai yawa.

Ba za a iya zuƙe ruwan tun yana ciki ba?

An gwada. A farkon shekarun 1980 likitoci a Amurka sun riƙa sa wa 'yan tayi ɗan bututu daga kai zuwa ruwan mahaifa. Da aka tattara sakamakon, sai aka ga bai inganta lafiyar ƙwaƙwalwar yaran ba, ga bututun yana gocewa ko ya toshe, sai aka dakatar.

Abin da ya yi nasara shi ne ɗinke buɗaɗɗen baya tun jariri na ciki. Wani babban bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa cikin yaran da aka yi wa aikin kafin mako na 26, 40 cikin 100 ne suka buƙaci bututun kai a shekarar farko, a waɗanda aka bari sai bayan haihuwa kuwa 82 cikin 100. Amma aiki ne mai haɗari ga uwa, yana jawo haihuwa kafin lokaci, kuma cibiyoyi ƙalilan ne a duniya ke yin sa. Ga mace a Rigasa ko Kakuri ko Unguwar Rimi, abin da ke hannu shi ne sa ido da shirya haihuwa. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke busar da wannan ruwa a ciki, duk wanda ya sayar miki da shi ya cuce ki.

Wasu sun ce gara a zubar da cikin kawai.

Dokar ƙasar nan ba ta yarda da cire ciki ba sai don ceton ran uwa. Kuma shan maganin kemis ko na gargajiya a kan cikin da ya yi wata biyar ko shida hanya ce ta ɓallewar jini da fashewar mahaifa. Idan likitoci sun ga jaririn ba mai rayuwa ba ne, ko cikin yana barazana ga ranki, za su zaunar da ke da mijinki su faɗa muku, ku kuma ku nemi malamin da kuka amince da iliminsa.

Zan iya haihuwa da kaina? Haihuwata biyar duk a gida na yi.

Nan ne nake ɗaga murya. Wannan haihuwar ba ta gida ba ce.

Idan girman kan bai wuce ƙima ba, kamar yadda yake a yawancin masu ɗan faɗi kaɗan, za ki iya haihuwa da kanki a asibiti. Idan kan ya yi girma sosai, ba zai bi ta ƙugu ba ko da kin haifi goma a baya, sai tiyata. Ba na manta wata baiwar Allah da aka kawo mana daga ƙauye a bayan a-kori-kura, kwana biyu tana naƙuda, an yi ta ba ta jiƙo ana cewa ta yi nishi. Ba ta taɓa yin sikanin ba. Kafin su iso mahaifa ta fashe. An ceto ta da jini leda huɗu, amma ta rasa ɗan, ta rasa mahaifar. Wasu kuma da suka tsira daga irin wannan doguwar naƙuda yoyon fitsari suke ƙarewa da shi. Duk wannan sikanin ɗaya da shiri ɗaya sun isa su hana.

Shirin kuwa shi ne: tun ciki na wata bakwai a san asibitin da za a haihu, mai ɗakin tiyata da jini da sashen jarirai. A nemi masu ba da jini a cikin dangi tun da wuri. A tanadi abin hawa na dare. Idan akwai buɗaɗɗen baya, ana so a rufe shi cikin kwana biyu zuwa uku da haihuwa kafin cuta ta shiga, don haka gara a haihu kusa da inda likitan ƙwaƙwalwa yake. Galibi ana barin ciki ya kai lokacinsa, domin haɗa wa jariri ruwan kai da bakwaini nauyi biyu ne.

Idan na haihu, me zan riƙa dubawa?

Tef ɗin awo irin na tela ya fi miki komai amfani. Kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 33 zuwa 35 ko kusa da haka. A watanni uku na farko yana ƙaruwa da kamar santimita 2 a wata, daga nan ya ragu zuwa 1, sannan rabi. Ki ce a auna a rubuta a kati duk zuwa rigakafi. Ana zagayo tef ɗin ta saman gira da wurin da ya fi tudu a ƙeya. Saurin ƙaruwar ake dubawa, domin akwai gidajen da babban kai gadonsu ne kuma lafiyarsu ƙalau.

Sauran alamu: maɗiga ta kumbura ta yi tauri ko yaro na zaune shiru, jijiyoyin fatar kai sun fito raɗa-raɗa, ƙwayar ido ta faɗa ƙasa fari ya bayyana a sama kamar rana na faɗuwa, amai mai feshi, kuka mai tsini, yawan barci, ƙin nono, ko jijjiga. Tun da maɗiga a buɗe take, ana iya ɗora na'urar sikanin a kanta a ga cikin kai ba tare da wahala ba.

Kada a rufe kan da hula a ce kada mutane su gani, a jira arba'in, a jira ya yi ƙwari. Kowane mako ƙwaƙwalwa tana ƙara matsuwa.

Wane aiki ake yi, kuma a ina?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce shant: siririn bututun roba mai laushi da ake sa wa a ɗakin ruwan, a bi da shi ta ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji har cikin ciki, inda jiki ke shanye ruwan. Yana da ɗan bawul mai daidaita gudu. Wani makanike ne a Filadelfiya ta Amurka, John Holter, ya ƙera bawul ɗin da ya yi suna a 1956, saboda ɗansa da ya samu wannan lalura yana jariri. Akwai mai tsada, akwai mai araha ƙirar Indiya mai suna Chhabra, kuma binciken da aka yi a Yuganda aka buga a 2005 bai ga bambanci tsakaninsa da mai tsadar ba bayan shekara guda. Na faɗi wannan don uban da ke jin ya gaza saboda mai araha ya iya saya.

Ta biyu ana ce mata ETV. Likita yana shiga da 'yar kyamara ya huda ƙasan ɗaki na uku, ruwa ya sami sabuwar hanya, ba a bar komai a jiki ba. Dakta Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a asibitin Mbale ɗin nan, ya haɗa ta da ƙona sashen da ke samar da ruwan don ta fi yi wa jarirai aiki. Ba kowane yaro ta dace da shi ba, ba kuma kowane asibiti ke da kayanta ba. Likita ne zai zaɓa bisa hoto.

Aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne. A jiharmu akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Kawo. Akwai kuma Asibitin Malam Aminu Kano, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ki fara daga inda kike awo, ko Barau Dikko ne, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ki karɓi takardar turawa, ki haɗa da duk hotunanki a leda ɗaya.

Wanzami ya ce zai yi masa sakiya ruwan ya tsiyaye.

Don Allah kada a bari. Ruwan yana can cikin ƙwaƙwalwa, ba a ƙarƙashin fata ba. Tsaga da sakiya da ɗaure kai da rawani ba sa rage ko ɗigo, sai dai su buɗe wa cuta ƙofa, su kuma sa a ɗage aikin har sai gyambon ya warke.

An sa bututun. Shi ke nan mun huta?

An sami sauƙi babba, amma ido bai huta ba. Bututu yana toshewa, yana gocewa, ƙwayar cuta tana kama shi, musamman a watannin farko. Kusan huɗu cikin goma suna buƙatar gyara a shekarar farko. Wannan ba ya nufin likita ya yi kuskure, halin na'urar ke nan.

Idan kika ga amai, barcin da ba a saba ba, maɗiga ta sake kumbura, zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar bututun, ciki ya kumbura, ko babban yaro yana kukan ciwon kai, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada a tsaya kemis a ce maleriya ce. Duk ma'aikacin lafiyar da kika tarar, kalmar farko ki ce masa, "Yaron nan yana da shant." Wanda aka yi wa ETV ma hudar tana iya rufewa, alamun kuma iri ɗaya ne.

Kan zai koma daidai?

Ba ya komawa ƙarami sosai. Yana daina gudu ne, jiki ya girma ya tarar da shi. Wanda aka yi wa aiki da wuri, idan ya kai shekara biyar da wuya baƙo ya lura.

Gaskiya nake so, Sista. Zai yi tafiya? Zai yi magana? Zai yi karatu?

Babu mai iya ba ki tabbaci daga hoton ciki, kuma ki yi hattara da wanda ya yanke hukunci ko ta wane ɓangare. Abin da ke auna makomar yaro shi ne sababin ruwan, ko akwai wata matsala a ginin ƙwaƙwalwar, ko cuta ta taɓa ta, da saurin da aka yi wajen aiki. Yaron da toshewar hanya ce kaɗai matsalarsa, aka yi masa aiki a makonnin farko, yana da kyakkyawar dama. Na san waɗanda ke firamare da Islamiyya yanzu, suna hadda, suna faɗa da 'yan'uwansu a kan rimot. Wanda cuta ta ci ƙwaƙwalwarsa, ko aka kawo shi bayan shekara kai ya riga ya yi nauyin da wuya ba ya ɗauka, nasa ya fi wuya, kodayake shi ma aiki yana rage masa azaba ya sauƙaƙa renonsa.

Abin da aka fi gani shi ne jinkiri. Riƙe wuya, zama, rarrafe, tafiya, duk suna iya zuwa a makare, wani ɓangare saboda nauyin kan. A nan sashen gashin ƙashi yake da amfani ƙwarai, kuma tun yana jariri ake farawa, ba sai an ga ya kasa ba. Za su koya miki motsa jikin da za ki riƙa yi masa a gida. Ki riƙa juya masa kwanciya kada fatar kai ta yi gyambo, ki tallafe kan idan za ki goya shi. Wasu suna samun farfaɗiya, wadda magani ke riƙewa. Wasu idonsu yana karkacewa ko ganinsu ya ragu, mu kuwa a Kaduna Allah Ya ba mu Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa a cikin gari, babu dalilin barin yaro ba a duba shi ba. Wasu, musamman mata, suna balaga da wuri. Idan kika ga alama tun ba ta kai shekara takwas ba ki faɗa wa likita.

A makaranta akwai wani abu da ke ruɗar iyaye da malamai. Yaron yakan zama mai surutu, mai daɗin baki, ya haddace waƙa da sura nan da nan, amma lissafi ya gagare shi, rubutunsa ya ƙi tsayawa kan layi, a aike shi abu uku ya dawo da ɗaya. Sai a ce iskanci ne ko lalaci, a kama duka. Ba da gangan yake yi ba. Ki je ki sami malaminsa ki yi masa bayani: a zaunar da shi a gaba, a ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a ƙara masa lokaci, kuma kada a taɓa dukansa a kai. Rigakafi kuwa a yi masa duka kamar kowane yaro.

Ke ma mai reno kina buƙatar hannu. Goyon yaro mai nauyin kai yana cin baya da ƙugu, zaman asibiti yana cin sana'a. Maigida, wannan ba aikin mace ita kaɗai ba ne.

Ba mu da ƙarfi. Ya za mu yi da kuɗin aiki?

Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin tun ranar farko, kada ku bari sai an rubuta ranar aiki. Ku bincika rajistar hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, tun ciki bai tsufa ba, ku ji abin da take ɗauka da wanda ba ta ɗauka. Ku faɗa wa dangi da masallaci ko coci gaskiyar abin da ake ciki; na ga aikin da kuɗin adashin matan layi ɗaya ya biya. Amfanin ganowa tun a wata biyar ke nan, kuna da wata huɗu na tanadi. Abin da ba na so shi ne a ɗauki yaro ana yawo da shi a rana a bakin danja ana bara da kansa, watanni suna wucewa.

Idan na sake samun ciki, zai maimaita?

Ga yawancin mata, a'a. Inda aka fi sa ido shi ne nau'in gadon nan mai bin 'ya'ya maza: idan uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa namiji yana da rabin yiwuwar samu. Don haka idan an taɓa haifar namiji mai babban kai a ɗakinku, ko a wajen 'yan'uwan mahaifiyarki, ki faɗa wa likita. Haka ma idan auren zumunci ne kuma abin ya faru fiye da sau ɗaya.

Idan da buɗaɗɗen baya aka haifi na farko, yiwuwar maimaituwa 'yan kaɗan ne cikin ɗari, kuma folik asid, wani bitamin da ake sha a ƙwaya, yana rage ta sosai. Binciken da aka buga a Ingila a 1991 ya nuna ragin kusan kashi 70 cikin 100. Sai dai lokacin shan sa ne mutane ke kuskurewa. Bayan ɗan tayi yana gama rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ke cewa "wata bai zo ba" tana ƙirga kwanaki. Wadda ta jira sai ta fara awo ta riga ta makara. Ana fara sha ne aƙalla wata ɗaya zuwa uku kafin ciki, a ci gaba har ya cika mako 12. Kowace mace mai iya ɗaukar ciki, har amaryar da ake shirin kaiwa ɗaki, maikirogiram 400 a rana ya ishe ta. Wadda ta taɓa haifar mai buɗaɗɗen baya likita zai rubuta mata miligiram 4 zuwa 5. Mai ciwon suga ta daidaita sugarta kafin ta ɗauki ciki. Mai shan maganin farfaɗiya, musamman balfurowet, ta ga likita ya duba ko za a canza mata, amma kada ta daina sha da kanta.

Cikin na gaba ki fara awo da zarar kin tabbatar, ki nemi cikakken sikanin tsakanin mako na 18 da na 22, kuma kafin a shafa miki man a ciki ki gaya wa mai na'urar abin da ya faru a cikin baya, domin ya tsaya a kan kai da gadon baya ya auna da kyau.